Garin Goge Fuska da Haƙorana Biyu

Ranar da abin ya faru na sauka kasuwar Wara da buhu guda na garin goge fuska, da daro biyu na man kaɗanya, da tabarma, da gwangwanin awo. Haƙorana cif suke a bakina, hannuwana biyu suna damƙa. Sai kuma abin da ya fi waɗannan duka, wato matan bakin ruwa, daga Wara har tungayen masunta da ke ƙetare, waɗanda suka yarda cewa in na ce a shafa abu a fuska, to a shafa. Gari da mai ana sake haɗa su cikin mako. Yardar nan ita ce jarina, ita kuma aka zo karɓewa.

Ni 'yar Yelwa ce, ban gaji kasuwanci wurin kowa ba. Da dusar shinkafa na fara, ina saye wurin masu casa ina sayar wa masu kiwo, daga nan na koma sabulun salo da man kaɗanya. Bayan an cire mu daga Sakkwato an ba mu jihar Kebbi, ma'aikata suka yi ta sauya wurin aiki, gari ya cika da baƙin mata masu son gyaran jiki. Wata matar ma'aikaci, mutuniyar Barno, ita ta nuna mini dilka, haɗin da ake goge fata da shi. Na ga kayan haɗinta daga nesa suke zuwa, kuma da tsada, sai na zauna na haɗa nawa da abin da muke takawa. In ruwan gulbi ya ja, yakan bar wani farin rairayi mai laushi a kan tudu. Shi nake ɗebowa in wanke har ruwansa ya fita fes, in soya a kasko, in tankaɗe da rariya, in sake tacewa da ƙyallen mayafi. Kaɗan nake zubawa cikin garin shinkafa mai yawa, da ɗan kurkur. A fuskata na yi ta gwada shi wata da watanni kafin in sayar wa kowa.

Ƙa'idarsa ba ta da wuya, kuma babu mai sayen da ban karanta mata ita ba. A fara gwadawa a cikin damtse, a kwana a gani. In bai yi ja ba, a ɗebi abin da yatsu uku za su tsunkuno, a kwaɓa da mai ko ruwa mai tsabta, a jiƙa fuska, a murza da kan yatsu kamar ana shafa kan jariri. A kauce wa ido. Kada a taɓa ƙurji ko rauni. Da an ji zafi a tsaya. A wanke, a shafa man kaɗanya, a nisanci rana da hayaƙi ran nan. Sau ɗaya a mako ya isa, don haka gwangwanin tumatir ɗaya yakan kai mace wata da watanni.

Matan da ke bandar kifi su suka fi kowa sonsa, domin hayaƙi yana zauna musu a kumatu da goshi har sabulu ya kasa. Saboda su nake shiga jirgi zuwa Wara duk ranar kasuwa.

To a ranar da nake faɗi, hantsi ya ɗaga, na gama shimfiɗa kaya, sai na ga maza huɗu sun tawo daga bakin ruwa, kowanne da filafilinsa a kafaɗa. Ban kawo komai a raina ba, masunci ba ya barin filafili a jirgi don kada a ɗauke. Na gabansu dogo ne, saurayi-saurayi, idanunsa jawur.

"Ke ce mai garin huska?" in ji shi.

"Ni ce, Malam. Sannunku da zuwa. Uwargida za a sai wa?"

Ƙafa ya sa ya shure daron mai. Kafin in miƙe ya juya filafilin ya kawo mini gefensa a baki. Ban ji zafi nan take ba, na dai ji bakina ya cika da wani abu mai ɗumi da tsakuwa-tsakuwa. Da ya sake ɗagawa na tare da hannun hagu, na ji ƙashin ya ce ƙas kamar an taka busasshen kara. Na biyunsu, wani gajere mai faɗin ƙirji, ya ja ni da zane har tsakiyar hanya, ya danne ni da gwiwa a ƙirji. Ya farke buhuna ya damƙo gari cike da tafinsa, ya tofa masa miyau, ya kifa mini a fuska ya shiga durza da duk ƙarfinsa.

"Ki ji abin da ƙanwata ta ji," yake cewa. "Ki ji shi, mayya."

Garin ya shiga idona da hancina da raunin leɓena. Sauran biyun suna ta dukan kayana da ƙafafuna, duk wanda filafili ya samu. Mata suka watse da ihu. Wani dattijo mai sayar da ƙugiya da zare, maƙwabcin rumfata, ya zo rabo, aka fasa masa goshi. Sai da mahauta suka taso da wuƙaƙensu a hannu suka tsaya a kaina, sannan aka ɗaga ni.

Na zauna na tofar da abin da ke bakina a tafin hannu. Haƙora biyu ne na sama. Na goge su na ƙulle a bakin zanena. Sarkin kasuwa ya iso yana tambayar ba'asi, ni ma na tambaya, da bakin da ya fara kumbura.

"Wa na kashe muku?"

Dogon ya ce matarsa ce. Tana gidan iyayenta wankan jego, ta kusa arba'in. An shafa mata garina, fuskarta ta saɓule, yanzu ko ido ba ta buɗewa. Gajeren da ya danne ni wanta ne.

Sarkin kasuwa ya ce a kira 'yan sanda. Ina zaune a ƙasa na auna maganar. In aka kulle mazan nan, babu macen tunga da za ta sake taka tabarmata, ko don kunyar dangi. In na tattara na gudu gida, labarin cewa garina yana feɗe fuska zai riga ni isa Yelwa, ya wuce har Shanga. Ta ko'ina dai kasuwa ta mutu, sai fa in na ga abin da idona.

"Ranka ya daɗe, a bar maganar hukuma tukuna," na ce. "Su kai ni in gan ta."

Dattijon mai ƙugiya yana dafe da goshinsa ya ce, "Ɗiyata, dukan ya taɓa miki kai ne? Jirgin waɗanda sunka karya ki za ki shiga?"

"Shi kaɗai ke zuwa inda za ni, Baba."

Sarkin kasuwa ya dubi mijin a gaban jama'a ya ce, "Da ranta ta shiga jirginka. Kowa ya gani."

Na ɗaure hannun da kallabina na rataye a wuya. Jirgin mai inji ne, duk igiyar ruwan da ya hau sai in ji ta a ƙashina.

Tungar ba ta da girma. Bukkoki ne da rumfunan banda, ga taru an shanya a kan sanduna. Uban yarinyar, wani tsoho mai kaurin wuya, yana zaune a ƙofar gida yana ɗinkin taru. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce wa ɗansa, "Har da ƙahwa tata kunka bar ta?" Na yi sallama na wuce ciki.

Warin ne ya fara tare ni. Tana kwance a kan tabarma, jaririn a gefe yana kuka, an rufe mata fuska da ƙyalle wanda ya manne. Uwarta ta ɗaga gefensa a hankali. Na daɗe ina harkar fata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Daga goshi har haɓa babu fata, nama ne ja, ya kumbura har idanu sun zama tsaga biyu, ruwa-ruwa yana tsatsowa. An shafe shi da baƙin man inji da toka, wai maganin ƙuna. Na taɓa wuyanta, zafi kamar murfin tukunya.

Uwar kuwa na gane ta. Kasuwar da ta wuce ta sayi gwangwani guda, ta ce ciki ya bar wa ɗiyarta baƙi a kumatu, tana so ta koma ɗakin mijinta fes. Na karanta mata ƙa'idar kamar kowa. Tana ta ce mini to, to, idonta yana kan jirginsu kada ya tashi ya bar ta.

"Inna, ina sauran garin? Kawo in duba shi."

"Wane saura?" in ji ta.

Ba ƙarya take ba, da gaske tambayata ce ta ba ta mamaki. Mijin da wan suna tsaye a bakin ƙofa. Na juya na ce musu, "Yaushe maza suka fara tsayuwa a ɗakin jego? Ku ba mu wuri." Suka ja baya.

Na sauke murya na ce ta gaya mini yadda aka yi, tun daga farko. Ta yi ta kwana-kwana, sai yarinyar ce ta yi magana daga kwance, leɓenta da ƙyar yake motsi.

"Hwaɗi mata, Inna."

A tungar, duk abin da aka auno da gwangwani na aiki ɗaya ne. Gwangwanin gishiri na daron kifi guda ne. A tsaga kifi, a zuba, a yi ta goga har gishirin ya ƙare ya shiga nama, in an rage kifi ya ruɓe. Da wannan hannun tsohuwar ta kama fuskar ɗiyarta. Ta kwaɓa gwangwanin gaba ɗaya. Yatsu kuma ta ga ba za su yi aiki ba, sai ta ɗauko soson da suke wanka da wanke tukunya da shi, wato guntun tsohon taru. Da yarinyar ta fara ihu, maƙwabta biyu suka riƙe hannuwanta, ɗaya ta zauna mata a ƙafa. Suna ce mata ta yi haƙuri, kyau ba ya zuwa da daɗi. Da suka ga baƙin ya tafi wani ja-ja mai haske ya fito, suka yi murna, suka ce magani ya kama. Garin ya ƙare ba a gama goshi ba, sai aka ƙara da yashin bakin ƙofa. Da yamma kuma aka yi mata wankan jego kamar kullum, da tafasasshen ruwa da ganye, aka yi ta fyaɗa mata har fuska. Washegari ma haka.

"Na ce masu zahi," in ji yarinyar. "Sunka ce haka jego yake."

Na kwance bakin zanena na zube haƙoran nan biyu a tabarma gaban tsohuwar. Hannuna na dama lafiya yake, kuma Allah ya sani na so in yi amfani da shi. Na damƙi wuyan hannunta na matse har ta durƙusa.

"Me kika gaya wa mazan?"

"Na ce ɗan kaɗan munka shahwa, garin ya cinye ta." Ta kama ƙafata. "Ki ruhwa mini asiri, ɗiyata. In tsohon nan ya ji ni ce, kashe ni zai yi." Ta ture ɗankwalinta ta nuna mini kunnenta na hagu, a yage, ya warke a karkace. Ta ce wannan a kan taru ne da ta bari akuya ta tauna.

Da zan fita in faɗi gaskiya a tsakar gida, da na wanke kaina nan take, a kuma doke ta a gabana. Sai dai wanke kaina wurin wa? Mazan nan ko tsunkule ɗaya ba su taɓa saye wurina ba, ba kuma za su saya ba. Na sake ta na ce mu yi ciniki.

"Ba zan ce musu komai ba. Su ci gaba da zagina. Amma yarinyar nan yau za ta asibiti a Yelwa. Ranar kasuwa kuma za ki zo ki zauna a tabarmata da sosonki a hannu, duk macen da ta tsaya ki gaya mata yadda kika yi, da bakinki."

"Maganar za ta dawo gida."

"Za ta dawo. Amma maganar mata a ƙafa take tafiya, kafin ta iso fushinsa ya huce. In kin ƙi, yanzu zan fita in kawo masa ita da zafinta."

Ta yarda, tana kuka ba sauti.

A waje tsohon ya ce babu inda za a kai ɗiyarsa, an riga an aika wa mai maganin ƙuna. Ban yi musu da shi ba, mijin na duba.

"Malam, kun ce garina ne ya yi wannan. To ni na haɗa shi, ni na san halinsa. In ta ƙara kwana biyu a ɗakin nan da man inji a fuska, likkafani za ka saya, ka kuma nemi mai shayar maka da ɗa."

Wan ya taso ya hankaɗa ni, na faɗi a kan karyayyen hannun, na ga duhu. Da na farfaɗo sai na ga mijin ya shaƙe shi ya haɗa shi da ginshiƙin rumfar banda, kifi yana zubowa a kansu, tsohon yana dukan bayan surukinsa da sandar taru. Mijin bai saki ba sai da wan ya galabaita ya daina motsi da ƙafa. Sannan ya shiga ɗakin ya ɗauko matarsa a hannu ya nufi jirgi. Uwar ta biyo da jariri, ni na biyo da hannuna.

A asibiti sai da mutum uku suka riƙe ta kafin a iya wanke man injin nan. Ina daga waje ina jin ihunta. Malamar asibitin da ta duba bakina ta tambayi sana'ata, na gaya mata, har da yadda nake tace rairayin.

"Rairayi dai rairayi ne, ko da alharini kika tace shi," in ji ta. "Kin miƙa wa mutum wuƙa cike da gwangwani kin ce ya yanka kaɗan."

Na dai ɗauki abin da zai yi mini amfani a maganar.

Ranar kasuwa na koma Wara, hannu a ɗaure da karan mai ɗori, fuska duk ɓawon ciwo. Na shimfiɗa tabarma. Mata suna wucewa suna kallona ta gefen ido, ba mai tsayawa. Har aka kira azahar ban sayar da komai ba, na fara tunanin tsohuwar ta cinye ni. Sai ga ta, ta lulluɓe har goshi. Ta zauna a gefen tabarmar ta fiddo guntun tarun ta ajiye a cinya.

Mace ɗaya ta tsaya, sannan uku, sannan aka yi da'ira. Ta faɗi komai, ba ta rage ba, har yashin bakin ƙofa. Wata mai banda, sa'ar tsohuwar, ta ɗauki soson ta juya shi ta ce, "Ke kam, ɗiya kinka haihwa ko giwan ruwa? Saura ki tsaga ta ki shanya." Aka yi dariyar da ba ta daɗe ba. Wata kuma ta ce a hankali, ita ma da ita ce haka za ta yi, wa ya taɓa auna abu da gwangwani ya ce a ci shi wata uku? Ban ji wadda ta musa mata ba.

A gabansu na jefa gwangwanin awon cikin kwandon shara. Na fiddo abin da na kwana biyu ina shiryawa da hannu ɗaya da taimakon maƙwabciyata, ƙananan ƙulli a takarda, kowanne na shafawa sau ɗaya. Na kama bayan hannun tsohuwar na murza mata da kan yatsu, don su ga iyakar nauyin da ake sawa. Daga ran nan na rage rairayin da rabi. Ba na sayar wa ɗan aike, sai mai fuskar ta zo na ga fatarta. Mai jego ba na ba ta sai ta gama wankan zafi. Mace ba ta wuce ƙulli biyu a kasuwa ɗaya, ko nawa ta zo da shi.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Na rasa haƙora biyu, da buhu, da daro biyu na mai. Yatsuna biyu na hagu ba su sake lanƙwasa ba, har yau da dama nake ɗaura zane. Matan ma'aikata na Yelwa, waɗanda rabin labarin farko kaɗai ya iske su, yawancinsu ba su dawo ba, wajen Shanga ma ƙafata ta ɗauke. Matan bakin ruwa kuwa sun tsaya, har sun ƙaru, kuma ƙullin takarda ya fi gwangwani riba nesa ba kusa ba. Da shi na yi rumfar kwano a Wara.

Yarinyar ta rayu ta shayar da ɗanta. Fuskarta ta warke dabbare-dabbare, wani wuri fari wani baƙi ƙirin, ba ta fita sai da mayafi har hanci. Mijinta bai taɓa ba ni haƙuri ba, in mun haɗu a bakin ruwa ƙasa yake kallo. Maganar kuma ta isa gida kamar yadda tsohuwar ta ce, wajen faɗuwar damina, kuma fushin mijinta bai huce yadda na auna ba. Na gan ta a kasuwa tana jan ƙafa, ido ɗaya a rufe. Ta gaishe ni, na gaishe ta, na ba ta man kaɗanya ban karɓi komai ba. Abin da na je tungar nan in ceto, na ceto shi. Mu uku muka biya kuɗinsa, kuma nawa kason ne mafi sauƙi.